Wa zai koya wa mai mofa aiki? Batun tirenin a kamfanonin kwangilar shara

Jinyar ƙanin mahaifina ce ta fara buɗe min ido kan maganar nan. Kwana tara muka yi a wani asibiti, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san in mara lafiya ya samu barci ba abin da ya rage maka sai kallo. Kullum wajen ƙarfe shida na safe wata dattijuwa ke shigowa ɗakin da bokiti ɗaya, mofa ɗaya, da tsumma rataye a kafaɗa, rigarta ɗauke da sunan kamfanin da ya ɗauke ta, don ba ma'aikaciyar asibitin ba ce, kwangila aka bayar. Matar nan akwai ƙoƙari wallahi, ba ta zama, ba ta hira, har ƙarƙashin gado take durƙusawa. Amma daga banɗaki take farawa, sannan da ruwan nan da mofar nan ta biyo tsakanin gadaje ɗaya bayan ɗaya, tsumman da ta goge bakin famfon banɗaki shi dai za ta sa ta goge lokar gefen gado inda muke ajiye filas da kofuna da ledar magani.

Rana ta uku na kasa haƙuri na ce, "Baba sannu da aiki. Wai da kuka fara aikin nan an zaunar da ku an koya muku yadda ake yi?"

Dariya ta yi ta ce, "Ɗan nan, shara ce sai an koya min? Ai tun ba a haife ka ba nake shara." Da na ɗan ja ta da hira sai ta ce ranar da ta zo riga aka miƙa mata, aka ce ta bi wata da ta riga ta zuwa, kwana biyu tana bin ta, a na uku aka ba ta ɗakinta, shikenan tirenin.

Amsar nan tata ita ce tushen matsalar gaba ɗaya, kuma ba ita kaɗai ke wannan tunanin ba. Mai kamfanin haka ya ɗauka, shugabannin asibitin haka suka ɗauka, mu ma masu kallo haka muka ɗauka, wai shara da goge-goge abu ne da kowace mace ta taso da shi daga ɗakin uwarta, namiji kuwa in ya ga an yi sau ɗaya ya iya. Toh sharar tsakar gida daban, tsaftace ɗakin da mutum ashirin ke kwance kowa da ciwonsa daban.

Da can masu shara a ma'aikatun gwamnati da asibitoci cikakkun ma'aikata ne, ƙananan matakai dai amma da albashi da fansho, mutum ya shekara ashirin a wuri ɗaya har ya san kowane lungu. A zamanin mulkin Obasanjo, cikin gyare-gyaren aikin gwamnati da aka fara daga 2003, gwamnatin tarayya ta fitar da irin waɗannan ayyuka na shara da gadi ta miƙa wa 'yan kwangila, bankuna da manyan kamfanoni kuwa dama sun saba da hakan. Ba mu muka fara ba, a Birtaniya gwamnatin Margaret Thatcher tun 1983 ta umarci asibitocin gwamnati su riƙa buɗe gasar kwangila kan shara da wanki da girki. Hujjar ɗaya ce ko'ina, wai a bar asibiti ya ji da magani, banki ya ji da kuɗi, shara a ba wanda ya ƙware a kanta. Maganar ba laifi a takarda. Sai dai daga ranar da aka yi haka aikin ya zama na mutum uku, mai wuri, ɗan kwangila, da mai riƙe da mofa, kuma koyarwar sai ta faɗa a tsakaninsu ba mai ɗauka. Mai wuri ya ce na biya kamfani, ai ƙwararru ne. Kamfani ya ce kuɗin da aka ba ni ko albashi da ƙyar yake biya. Ita kuma ba ta ma san akwai abin da ya kamata a koya mata ba balle ta nema.

Kuma fa akwai abin koyo, da yawa ma. Ɗauki ruwan bilic kawai, irin su Hypo da JIK da ke kowane sito. Abin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ciki kulorin ne, kuma ƙarfinsa rubuce yake a jikin roba, na JIK kashi 3.5 cikin 100 ne. Ƙa'idar da ake bi a asibitoci ita ce in jini ne ya zuba ko wani ruwan jiki ana son haɗi mai ƙarfin kashi 0.5, wato kofi 1 na bilic irin wannan a kofi 6 na ruwa, in kuwa gogewar yau da kullum ce ta tebur da ƙarfen gado kashi 0.1 ya isa, kofi 1 a kofi 34 na ruwa. Dubi tazarar da ke tsakanin 6 da 34. Wanda ba a koya wa ba da ido yake aunawa, ko da hanci, ya tsiyaya har sai ya ji wari ya tashi. In ya yi yawa ya ci masa hannu, ya sa ƙarfe tsatsa, ya tayar wa masu asma ciwo, kamfani kuma ya yi ta mitar kaya na saurin ƙarewa. In ya yi kaɗan ruwa kawai ake shafawa. Sannan haɗin ba ya kwana, kullum sabo ake yi don kulorin na gudu musamman a zafin nan namu, kuma ba a zuba shi kan datti kai tsaye, sai an fara wanke wurin da omo da ruwa domin dattin kansa yana cinye ƙarfin maganin, bayan an shafa kuma a bar shi jiƙe na ɗan lokaci kafin ya yi aiki. Mu kuwa mun fi son mu ga an shafa an bi da busasshen tsumma nan take wuri na ƙyalli.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne haɗe-haɗe. Mutum na son masai ya fita tas sai ya zuba Harpic ya bi da Hypo a kai, yana ganin ƙarfi biyu ya fi ɗaya. Yawancin magungunan wanke masai asid ne, asid kuwa in ya haɗu da bilic iskar kulorin ke tashi, mai shaƙe numfashi da ƙona ido da maƙogwaro, ga banɗakunanmu ƙanana wasu ko taga babu. Wannan gargaɗin yana nan a jikin robar, da Turanci, da ƙananan haruffa, ga wadda wataƙila ajami kaɗai ta iya karantawa ko ma babu. Asid ɗin nan dai in aka zuba shi a daɓen mabul ko tarazo sai ya cinye fuskar ya bar tabon da ba ya fita, nan ne kuma za ka ga an zaftare wa yaro albashin wata kan laifin da ba wanda ya taɓa gaya masa laifi ne.

Sai tsarin aikin kansa. Daga sama ake farawa a sauko ƙasa, daga wuri mai dama-dama a ƙare a mafi ƙazanta, banɗaki shi ne ƙarshe kuma da kayansa daban. A asibitocin Ingila tun 2007 aka daidaita launin kayan aiki a duk ƙasar, ja na banɗaki da wurin wanka, shuɗi na ɗakunan kwanciya da ofisoshi, kore na kicin da wurin rabon abinci, rawaya na ɗakin da aka keɓe mai cuta mai yaɗuwa. Abin da ya burge ni da tsarin launi shi ne ba ya buƙatar karatu, ko ba ka taɓa shiga aji ba ka san jan bokiti ba ya shiga kicin. Kuma ƙasa da muke ta damuwa da ita ba ita ce ta fi haɗari ba, wuraren da hannu ke yawan taɓawa su ne, mariƙin ƙofa, makunnin fitila, kan famfo, ƙarfen gefen gado, sandar da ake rataya ƙarin ruwa. Ga kuma allura, mai shara ne ke ɗaukar ledar da wani ya jefa sirinji a ciki maimakon kwalin allurai, in ta soke shi ciwon hanta nau'in B na iya kama shi ta nan, to wa ya gaya masa kar ya danna shara da hannu, wa ya gaya masa inda zai je cikin gaggawa in abin ya faru, wa ya yi masa rigakafi? A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke dawowa duk rani, ƙasar da ta ga Ebola a Legas a 2014, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Toh me ya hana a koyar? Na san za a ce rowa da mugunta ta masu kamfani, kuma akwai masu hakan, amma in ka tsaya nan ba ka gane komai ba. Kwangilar shara yawanci wanda ya faɗi kuɗi mafi ƙanƙanta shi ke samu, ko wanda ya san wani. Mafi yawan kuɗin aikin kuma albashi ne, omo da mofa ba su kai komai ba, don haka duk wanda ke son ya karya farashi jikin ma'aikata zai yanka, ya rage yawansu, ya rage abin da yake ba su, tirenin kuwa shi ne farkon abin da ake sharewa don ba wanda zai zo ya ƙirga shi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ka ga kenan ƙananan 'yan kwangila da dama suna wajenta. Wanda ake ba abin da bai kai shi ƙarshen wata ba, wani lokaci ma a riƙe masa wata biyu uku don wai mai wuri bai saki kuɗi ba, ba zai zauna ba, da ya samu aikin gadi ko wani ya ba shi Keke NAPEP ya tafi. Sai mai kamfani ya ce to don me zan kashe kuɗi in koya wa wanda gobe ba ya nan? Ga kwangilar kanta shekara ɗaya ce ko biyu, bai san ko za a sabunta masa ba. Shi kuma ma'aikacin da ba a koya wa komai ba, ba ya ganin wata gaba a aikin, don haka ya fi saurin tafiya. Abin sai ya zama kamar jakin da ke zagaye turke, rashin zama na hana koyarwa, rashin koyarwa na hana zama.

Gwamnati ta san da irin wannan tarkon, shi ya sa aka kafa ITF, asusun koyar da ma'aikata, tun 1971, hedikwatarta na Jos. Kamfanin da ya kai girman da doka ta yanka yana biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a shekara, in ya nuna shaidar ya koyar da su yana iya karɓar har rabin abin da ya biya. Takardar shaidar biyan na cikin abubuwan da ake nema wajen neman kwangilar gwamnatin tarayya, kuma a nan nake ganin gizo ke saƙar, don takardar tana nuna an biya ne, ba ta nuna baba mai mofa ta san bambancin kofi 6 da 34. Afirka ta Kudu ma kashi 1 suke karɓa ƙarƙashin dokarsu ta 1999, sai dai su sun raba sana'o'i rukuni-rukuni kowanne da hukumarsa, shara na ƙarƙashin Services SETA, kuma kamfani sai ya miƙa tsarin koyarwarsa na shekara da rahoton abin da ya aiwatar kafin a mayar masa da wani kaso. Can ma ana kuka da yawan takardu, amma aƙalla an amince shara sana'a ce mai manhaja.

Ni dai a ganina koyarwar da za ta yi tasiri a wannan aiki ta cikin gida ce, a wurin aikin, da bokitin da za a yi aikin da shi. Kwashe mutane a kai su otal a kunna musu majigi da Turanci, a ba su mitfai da lemo da satifiket a ɗau hoto, wannan ba ya canza yadda za a goge gado gobe da safe. Kowane wuri da halinsa, banki ba asibiti ba ne, ɗakin haihuwa ba ɗakin ƙashi ba ne, masana'antar abinci kuma wata duniya ce. Ga dutin safe ga na dare, ba ranar da za ka tara kowa. Don haka mutumin da komai ya rataya a wuyansa shi ne sufabaiza, shi ke ganinsu kullum, shi ke jin yarensu. Matsalar ita ce yadda ake zama sufabaiza, ko dai wanda ya fi daɗewa ko wanda ya fi iya tsawa ko ɗan'uwan oga, aikinsa rajistar zuwa da riƙe makullin sito. Iya aiki daban iya koyar da shi daban. Kamfanin da ke da kuɗin koyar da mutum biyar kacal, to ya fara da sufabaizoji, a koya musu aikin daidai, a koya musu yadda ake nunawa, ka yi mutum na kallo, ku yi tare, ya yi kana kallo, minti goma sha biyar kafin a fara duti, abu ɗaya a rana, da Hausa ko duk yaren da mutanen ke ji, da hotuna manne a bangon sito, da kofi ko gora da aka yi wa layi daidai inda bilic zai tsaya.

Wannan ba hasashe ba ne. A Ostireliya an yi wani gwaji mai suna REACH a asibitoci 11, sakamakon ya fito a 2019. Ba wani inji suka sayo ba, koyarwa aka gyara da dabarun gogewa da kayan aiki da bibiya da yadda ake magana da masu sharar. Hanyar bibiyar mai sauƙi ce, a ɗiga wani ruwa da ido ba ya gani a mariƙin ƙofa ko ƙarfen gado, bayan an gama aiki a haska da tocila ta musamman, in ɗigon na nan ba a goge ba, sai a nuna wa mai aikin da idonsa ba tare da faɗa ba. Goge wuraren da hannu ke taɓawa ya ƙaru sosai, kamuwa da wata ƙwayar cuta mai bijire wa magani da ake kira VRE ta ragu da sama da kashi ɗaya cikin uku. A nan Afirka kuma akwai tsarin TEACH CLEAN da aka gwada a Gambiya da Tanzaniya, an gina shi ne musamman don masu sharar da ba su yi nisa a karatu ba, da zane-zane da gwaji da hannu, a koya wa wasu 'yan kaɗan daga cikin asibitin su kuma su koya wa saura.

Sai dai kar in yi kamar koyarwar cikin gida ba ta da nata ciwon. Ai "bi wance ki ga yadda take yi" ma koyarwar cikin gida ce, kuma ta nan ne kuskure ke zama gado, wadda ta koya wa baba daga banɗaki take farawa, ita ma haka ta gani. Na biyu, abin da ba wani na waje da ke dubawa yana saurin komawa takarda, a zagaya da fom kowa ya dangwala hannu an yi tirenin. Na uku kuma shi ya fi taɓa ni, mutum ya shekara bakwai ya ƙware da injin wanke daɓe da tsaftace ɗakin tiyata, ranar da kwangila ta ƙare sabon kamfani ya zo, sai a ɗauke shi kamar wanda ya zo jiya, albashi ɗaya da sabon shiga don ba shi da wata shaida a hannu. A Birtaniya cibiyar koyar da aikin tsafta ta BICSc da aka kafa a 1961 ta bi ta wata hanya mai ma'ana, kamfani ne ke koyar da mutanensa a wurin aikinsu, amma masu gwajin nasa sai cibiyar ta tantance su, kuma shaidar da ma'aikaci ya samu wani kamfanin ma ya san darajarta. A Jamus kuwa tsaftace gine-gine sana'a ce da ake koyo shekara uku da jarrabawa, kamar kafinta ko mai gyaran wuta. Ba na cewa gobe mu zama Jamus, amma ɗan kati mai nuna wane ya iya kaza da kaza, wanda zai ƙara masa ko dubu biyar ce a albashi, shi zai sa mutum ya ga amfanin tsayawa ya koya.

Wasu na ganin maganin kawai a soke kwangilar a mayar da masu shara cikakkun ma'aikata. Sikotilan ta hana ba da sabuwar kwangilar sharar asibitocin gwamnati a 2008, Jami'ar Cape Town ma ta amince ta dawo da nata ma'aikatan a ƙarshen 2015 bayan zanga-zangar ɗalibai da ma'aikata. Ta fuskar albashi da mutunci ina tare da su, kuma mai sharar da nas ke ganinsa a matsayin abokin aiki ya fi samun wanda zai ce masa gadon can a kula da shi. Amma mun ga wuraren da ma'aikatan na gwamnati ne kuma ƙazantar na nan, domin can ma ba wanda ya koyar. Tunda kwangilar na nan kuma ba alamar za ta tafi, wanda ke da wuƙa da nama shi ne mai wuri. Shi ke rubuta sharuɗɗa. In ya rubuta cewa ba wanda zai shiga ɗakin marasa lafiya sai ya yi kwana kaza ana koya masa kuma ana biyansa kwanakin, in ya ware kuɗin tirenin da safar hannu da rigakafi a layinsu daban yadda ba za a yi gasar karya farashi da su ba, in ya biya a kan lokaci, in kuma jami'in hana yaɗuwar cuta na asibitin zai riƙa tsayar da kowane mai shara ya ce haɗa min ruwan goge jini in gani maimakon ya duba fayil, to kamfanoni za su koyar ko suna so ko ba sa so.

Ana gobe za a sallame mu na sake samun baba a baranda tana matse mofa. Na ce, "Baba, da za ki riƙa farawa da wajen gadaje ki bar banɗaki sai ƙarshe, kuma tsumman can ki ware shi daban, an ce ya fi." Ta saurare ni tsaf, ba ta ji haushi ba, har ta ce maganar ta shige ta. Sannan ta ce ƙarfe bakwai oga ke zagayowa kuma banɗaki yake fara leƙawa, in ya tarar ba a wanke ba, za a rubuta sunanta. Batun tsumma kuwa guda ɗaya aka ba ta tun watan azumi, wanda ke kafaɗarta ma tsohon zaninta ne ta yaga ta zo da shi daga gida.